Haɗin da Nake Ƙulla wa Surukina

Ku samarin nan da kuke wucewa ta gaban shagona kuna leƙe, na san abin da kuke faɗi. Wai sana'ar kemis ita ce sana'ar hutu: ka zauna a inuwa ƙarƙashin fanka, ka miƙa ƙwaya, a kira ka Likita a banza. To, gaskiya ne ana kirana Likita. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ana kirana haka a Dutsin-Ma, ni da iyakar karatuna aji uku na sakandare. Har maiɗakina in ta so tsokana sai ta dire kwano ta ce, "Likita, ga tuwonka." Ku zauna ku ji inda sunan nan ya kai ni, don kada ku buɗe shago ku tafka irin wautar da na tafka.

Aikin farko da maigidana Alhaji Mamman ya ba ni, Allah ya jiƙan shi, yankan takarda ne. Tsofaffin littattafan 'yan makaranta muke samowa, in yanka su daidai faɗin tafin hannu, in tara. Wata uku ina wannan, ko ƙwaya ɗaya ban taɓa ba. Bayan nan ya koya mini ƙulli: ka zuba magani tsakiyar takarda, ka naɗe kamar ƙullin gishiri, ka murɗe baki. Kayan aikinmu ke nan duka, almakashi, ƙaramin cokali na ɗibar ƙwaya daga gwangwani, da biro. Biron na zanen ƙwai ne a bayan ƙulli, ƙwai biyu safe da yamma, ƙwai uku har da rana, saboda yawancin masu sayen ba su karatun boko. Ba su kiran magani da suna, da launi suke kira. "A ba ni mai ja da rawaya." "A ba ni ɗan farin nan mai tsaga a tsakiya." Alhaji ya koya mini launi, ya koya mini wurin ajiye kowanne, ya koya mini gaishe da mutum har ya ji kamar ya warke. Abin da ƙwaya take yi bayan ta wuce maƙogwaro kuwa, ni da shi duk Allah muka bar wa.

Da na buɗe nawa shagon kusa da kasuwa, haɗi ne ya fito da ni. Ku 'yan birni ba ku san ciwon jikin damina ba. Mutum ya yini a duƙe yana noma, ko yana bin shanun huɗa, ya kwanta kamar an yi mashi dukan taron dangi, gobe kuma gona tana jira. Ba ya son dogon bayani, so yake a ba shi abin da zai miƙar da shi. Sai na zauna na ƙirƙiro nawa haɗin mai ƙwaya biyar: asfirin, ibuprofen, diklofenak, da wata 'yar ƙaramar fara ta kumburi, sannan kafso ɗaya na bitamin don ƙullin ya yi kyan gani. Kai, haɗin ya yi suna! Ranar kasuwa daga Kurfi, daga Birchi, daga ƙauyukan bayansu, layi ake yi. Wani tsoho ya ce mini tun da ya fara sha jakinshi ne ke gajiya kafin shi. Kaina ya kumbura har hula ta kusa matse ni. Ban san cewa uku daga cikin biyar ɗin 'yan gida ɗaya ne ba, aiki ɗaya suke yi, ɓarna ɗaya.

A ɗaya gefen shagon kuma akwai kantar masu olsa, wato gyambon ciki. Can nake jera kwalaben farin ruwan nan mai kauri. Mutum zai zo ya ɗora yatsa a ƙahon zuciyarshi ya ce, "Nan ke ci da wuta." Ni kuwa amsata ɗaya ce, na haddace ta kamar karatun allo: "Yunwa ce. Ka riƙa ci da wuri, ka bar yaji, ka sha nono." In na ga talaka ne sosai in ce ya jiƙa 'yar kanwa. Akwai wani ɗan acaɓa da ba ya rabo da biskit a aljihu, don shi da cikinshi ya zama wayam ciwon yake tashi, da ya ci wani abu ya lafa. Akwai wata mai tuyar ƙosai ita kuma akasin haka, da ta ci abinci wutar take kamawa, har ta koma tsoron kwano, ta rame kamar kara. Yanzu na san shi nashi gyambon a bakin hanji yake, inda tumbi ke juye abinci, ita kuma nata a cikin tumbin kanshi. A lokacin kwalba ɗaya na ba su, da nasiha ɗaya. Kuma sau tari wanda ya sayi haɗi a hannuna na dama da farkon damina, shi ne zai dawo ya sayi farin ruwa a hannuna na hagu da kaka. Ni a ganina kasuwa ce ta yi albarka.

Yanzu bari in zo kan Baba. Baba surukina ne, mahaifin maiɗakina, mutumin Wurma. Ba zan faɗi sunanshi ba, ban taɓa faɗi ba. Ita ce 'yarshi ta fari, kun ga kunyar ta zama ninki biyu. Shekara ashirin da aurenmu ban taɓa cin abinci a gabanshi ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi daga nesa takalmina nake cirewa in durƙusa. Shi ma ba ya kama sunana, Likita yake cewa, kanshi na kallon wani gefe. Manomi ne na gaske, yana da shanun huɗa guda biyu da garma, ya huɗe tashi gonar ya huɗe wa mutane. Dogo, mai ƙarfi, ba ya yawan magana, shi ke ba da salla a masallacin unguwarsu in liman ba ya nan.

Duk ranar kasuwa in ya shigo Dutsin-Ma yakan biyo ta shagona ya zauna a benci. In fito in durƙusa, mu gaisa, ya tambayi yara, in tambayi Inna, wato surukata. Kafin ya tashi na riga na ƙulla mashi haɗi goma sha huɗu, na safe da na yamma har mako, in saka a jakarshi ba tare da na ce komai ba. Alheri ne na ɗa ga uba. Wasu surukan buhun shinkafa suke kaiwa, ni abin da nake da shi ke nan, kuma nashi nakan zaɓa mashi masu ƙarfin. Shi kuwa da asuba zai watsa ƙulli ɗaya a baki ya kora da ruwan randa, ya ɗaura wa shanu garma, ba zai sa komai a cikinshi ba sai hantsi ya dubi ludayi an kai fura gona.

Shekarar da abin ya faru ruwa ya yi jinkiri, da ya sauka kuma ya sauka gaba ɗaya. Kowa yana son a yi mashi huɗa a mako guda. Baba ya aiko a ƙara mashi haɗi, na ƙara. Bayan kwana biyu maiɗakina ta ce Inna ta ce Baba yana kukan zafi a ƙahon zuciya. Na ce yunwa ce, na aika da kwalbar farin ruwa, na ce a riƙa dama mashi fura da nono da yawa. Haɗi kuwa ko a mafarki ban ce a tsaya ba.

Ranar kasuwa ta zagayo ya zo ya zauna a benci. Ni da ba na kallon fuskarshi, hannunshi na gani lokacin da ya miƙo jaka. Tafin ya yi fari fat. Yana kuma haki, daga tasha zuwa shagona kawai. Ya daɗe a zaune ranar fiye da yadda ya saba, yana gyaran murya, ni kuma ina durƙushe ina kallon ƙasa. Can ya ce, "Likita, jikin nan dai sai a hankali." Na ce, "Allah ya sawwaƙe, Baba. Jini ne ya yi ƙasa, aiki ya yi yawa." Na shiga na ɗauko mashi babbar kwalbar maganin ƙarin jini, wadda ta fi kowacce tsada a shagon, ina jin kaina suruki na gari.

Ga inda wautar ta cika. Maganin ƙarin jini yana sa bayan gida ya yi baƙi, kowane mai kemis ya san wannan, kuma muna faɗa wa mai saye don kada ya tsorata. To ni ta yaya zan buɗe baki in yi wa Baba maganar bayan gida? Wallahi gara a ce in ɗauki shagon a kai in kai Kurfi a ƙafa. Sai na faɗa wa maiɗakina. Ita ma ba za ta iya faɗa wa ubanta ba, ta kira Inna a waya. Inna ta isar. Saƙon ya bi ta baki uku ya isa kamar haka: Likita ya ce in an ga baƙi kada a damu, magani ne ke aiki.

Kwana tara bayan nan, da hantsi, ina cikin yanka katin ƙwaya wayata ta yi ƙara. Ƙanin maiɗakina ne, Lawal. Baba ya faɗi a gona bayan shanu. Ya yi amai baƙi-baƙi kamar guggubin shayi, na biyu kuma jini ne ja. Sun ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu zuwa bakin titi, sun samu mota, suna hanyar asibiti. Na bar shagon a buɗe, da almakashin a hannuna na isa asibiti, sai a bakin ƙofa na lura.

Likitar da ta karɓe shi yarinya ce, a haife na haife ta. Aka sa mashi ruwa, aka ce a nemo jini. Lawal da yayanshi suka bayar. Ni ma na naɗe hannun riga na miƙa, aka gwada aka ce nawa bai dace da nashi ba. Ko a nan ban yi amfani ba.

Da ya ɗan farfaɗo sai ta tsaya a kanshi da takarda tana tambaya. Ita babu ruwanta da kunya, kai tsaye ta ce, "Baba, bayan gidanka baƙi ne? Yana danƙo kamar kwalta, yana wari fiye da kima?" Ni ina rakuɓe a jikin bango, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya rufe ido ya ce haka ne. Ta ce tun yaushe. Ya ce tun kafin shuka. Ke nan baƙin ba na kwalbar ƙarin jinin ba ne, don ita kwananta tara kacal.

Ta ce wane magani yake sha. Inna, da suka iso bayana ita da maiɗakina, ta kwance bakin zanenta ta fiddo ƙulli uku, ga zanen ƙwai biyu na birona a bayan kowanne. Likitar ta warware ɗaya a tafin hannunta, ta riƙa ware ƙwayoyin da bakin biro. Sai ta ce, "Inna lillahi. Kullum yake shan wannan?" Inna ta ce safe da yamma, damina wajen shida ke nan.

Sai ta yi wa Inna bayani, ni kuwa na saci karatun da ban yi ba a shekara talatin. Ta ce tumbi yana fitar da ruwa mai tsami, mai ƙarfin narkar da nama, kuma Allah ya shafe bangon tumbin da wani silɓi don kada ruwan ya ci shi. Abu biyu ne suka fi kankare silɓin nan. Na farko wata ƙwayar cuta ce da ke shiga ta ruwa ko abinci, sau da yawa tun mutum yana yaro, ta zauna shiru shekara da shekaru. Na biyu irin waɗannan magungunan ciwon jikin, musamman in an haɗa su, kullum, a cikin da babu komai. In silɓin ya kau, tsamin ya fara cin bango, shi ne gyambon. Yunwa da yaji da damuwa suna tayar da zafin ne kawai, ba su ne suka haƙa ramin ba. Nono da farin ruwa su kwantar da wutar na ɗan lokaci, ramin yana nan yana zurfi. In ya kai ga jijiyar jini, jinin ya bi hanji ya fita baƙi. In ya huda bangon gaba ɗaya, ciki ya ƙame kamar allo, sai tiyata, in an yi sa'ar isowa. Ta ce na Baba da an kawo shi tun ranar da ya fara ganin baƙin, da magani na mako biyu ya wadatar.

Sannan ta ɗaga ƙullin ta ce, "Wa ke ba shi wannan?"

Inna ta sunkuyar da kai. Maiɗakina ta juya ta fuskanci taga. Sai Baba, da muryar da da ƙyar ake ji, ya ce, "Wurin wani mai yawo da magani nike saye a kasuwa. Ban san shi ba."

Mutumin da ke ba da salla. Mutumin da duk Wurma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ga shi kwance da jinin 'ya'yanshi yana ɗiga a jijiyarshi, yana ƙarya don ya rufa mini asiri. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Kuma kamar da gayya, daidai lokacin wata nas da ke sayen magani wurina ta shigo, ta gan ni ta ce, "A'a, Likita, kai ne a nan?"

Yarinyar ta waiwayo. "Kai likita ne?"

Na durƙusa nan kan siminti, gaban gadon Baba, na ce, "A'a, ranki ya daɗe. Mai kemis ne. Kuma ƙullin nan ni na ƙulla shi. Surukina ne."

Ta dube ni daga hula har takalmi. Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi kawai, "Mutum nawa kake ba wannan?" Na ce ban san iyakarsu ba.

Aka wuce da Baba Katsina, aka zura mashi bututu mai kyamara ta baki, aka ga gyambon a bakin hanji, aka tsayar da jinin. Aka gwada aka samu har da ƙwayar cutar nan, ita ta fara, haɗina ya ƙarasa. Suka ba shi maganin kashe ta da na rage tsami. Allah ya yi da sauran kwana. Amma ƙarfin nan bai dawo ba. Damina ta wuce yana kwance, gonakin mutanen da ya yi wa alkawari wasu suka huɗe, garma kuma ta koma hannun Lawal har yau.

Na dawo shago na daina haɗi. Kada ku ɗauka an yi mini tafi. Manoma suka ce Likita ya yi kuɗi ya fara girman kai, layin ranar kasuwa ya koma wurin wasu. Wani ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ni ƙulli na zo saye, kai kana tambayata mi na ci da safe, aurena za ka yi?" Yanzu mai ciwon jiki farasitamol nake fara ba shi. Wanda ya ɗora yatsa a ƙahon zuciya kuwa sai ya sha tambaya: da yunwa yake tashi ko bayan ci, yana amai, yana ramewa, wane magani yake sha. In na ja shi gefe na yi mashi tambayar ƙarshen, ya ce baƙi, ko kwalba ɗaya ba na sayar mashi, asibiti nake nuna mashi. Wannan shi ne aikin, samari. Miƙa ƙwaya ko biri aka koya wa zai iya.

Amma aikin da ya fi kowanne yi mini nauyi a sana'ar nan shi ne wanda likitar ta ɗora mini ranar da muka koma mata da takardun Katsina. Ta ce gyambo yakan sake ɓallewa, dole wani ya riƙa bibiya ko baƙin ya dawo. Ta nuna ni da biro ta ce, "Kai za ka tambaya. Da bakinka, ba ta bakin matarka ba, ba ta bakin Inna ba. Ka kawo mini amsa ranar Litinin."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na hau babur na nufi Wurma. Na tarar da Baba a zaure kan tabarma, ya jingina da bango, rigar ta yi mashi yawa. Na cire takalmi na durƙusa daga bakin ƙofa. Na gaishe shi da jiki. Na tambayi gero. Na tambayi shanu, ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi tumaki, na tambayi rijiya, har lafiyar liman na tambaya. Tambayoyi suka ƙare mini. Shi kuwa yana jan carbi, yana kallon bango.

Daga ƙarshe na ce, "Baba, a gafarce ni. Likita ce ta ce in tambaya. Bayan gidan... wane launi ne yanzu?"

Carbin ya tsaya. Na ji kaza tana tono a tsakar gida. Can ya ce, "Ya koma irin na mutane. Ka faɗa mata."

Na ce alhamdu lillahi, na fara laluben takalmina don in tsere. Sai ya ce, "Likita." Na tsaya. A karo na farko tun da na auri 'yarshi, ya juyo ya dube ni ido cikin ido.

"Ranar nan da na daɗe a bencinka, wagga tambaya nike jira. Da ka yi ta, da na faɗa maka."